Zafin nan da ambaliyar nan: juyin zamani ne ko hayaƙin mutane?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i muna zaune a majalisa, ba wuta, zafi kamar an kifa mana tukunya, sai gardama ta kaure tsakanina da yayana. Shi ya dage wai maganar sauyin yanayi tatsuniyar Turawa ce, duniya dama haka take, wata shekara ta zo da zafi, wata da sanyi. Na ce masa a'a, amma da ya ce in kawo hujja sai na shiga kame-kame. Masu sani a taimaka, gobe ma za mu haɗu, ba na son ya sake kayar da ni a gaban yara.

Direban Tirela: Wa'alaikumus salam. Yayanka ya fi ka gaskiya. Kakata ta sha ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914, da mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna neman hatsi. A lokacin mota nawa ce a ƙasar Hausa? Jirgin ƙasa ma bai daɗe da isa Kano ba. To wace masana'anta ce ta hana ruwa sauka? Fari tsoho ne, ya girmi inji.

Maman Khalifa: Ni dai ban san ilimin ba, amma na san a da muna kwana a ɗaki a watan huɗu da mafici kaɗai. Yanzu ko tsakar gida ka fito iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take.

Direban Tirela: Hajiya, a da ɗakin ƙasa ne da azara. Yanzu bulo ne da kwano, ga siminti an malala a tsakar gida, darbejiyar ƙofar gida an sare an yi shago. Ba dole ki ji zafi ba?

Maman Khalifa: Wannan ma gaskiya ne, ban musa ba.

Malam Mai Ritaya: Allah ya yi muku albarka. Na koyar da labarin ƙasa shekaru masu yawa, kuma wannan gardamar na sha ta da ɗalibai. Zan fara da ba wa Direba gaskiyarsa, har in ƙara masa hujjar da bai kawo ba.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale binne a ƙasa. Da aka auna, sai aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. A Dabous kuma, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yau sai rairayi da duwatsu. Ma'ana Sahara ta taɓa zama kore shar, da tafkuna da dorina da kada, har zuwa wajen shekara 5,000 da suka wuce. Babu fetur a lokacin, babu kwal. Abin da ya kawo wannan shi ne yadda duniya ke ɗan sauya karkatarta da hanyarta a zagayen rana, a hankali, cikin dubban shekaru, sai damina ta riƙa kutsawa can arewa, daga baya ta ja da baya. Don haka duk wanda ya ce yanayi bai taɓa sauyawa da kansa ba, bai yi karatu ba.

Amma Direba, ga inda muka rabu. Tsawa tana tayar da gobara a daji tun kafin a san ashana. Idan yau gonarka ta ƙone, aka ga sawun mutum da kwalin ashana a gefe, za ka yarda ya ce maka ai tsawa ma tana yi?

Direban Tirela: Allah ya gafarta Malam, to ina kwalin ashanar? Shi nake so in gani.

Malam Mai Ritaya: Madalla. Masana sun bi waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Na farko rana. Tun 1978 taurarin ɗan adam suke auna ƙarfin hasken da take aikowa. Yana ɗan hawa da sauka duk bayan kamar shekara 11, amma bai ƙaru ba. Zafin duniya kuwa hawa yake ta yi a daidai waɗannan shekarun. Kuma da rana ce ta ƙara wuta, da sararin sama duka zai yi zafi daga sama har ƙasa. Abin da aka auna shi ne, iskar da ke kusa da mu tana ɗumi, ta can sama kuma tana sanyi. Haka bargo yake yi: na ciki yana gumi, zafin ba ya fita waje.

Na biyu duwatsu masu aman wuta. Waɗannan ma idan suka fashe sosai sanyaya duniya suke yi na ɗan lokaci, saboda ƙurarsu tana tare hasken rana. Da dutsen Pinatubo ya fashe a Filifin a 1991, zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Iskar kabon kuma, wato irin iskar da ke tashi idan an ƙona kwal ko fetur, wadda dukkan duwatsun duniya ke fitarwa a shekara ba ta wuce kamar kashi ɗaya cikin ɗari na wadda mutane ke fitarwa ba.

Na uku karkatar duniyar nan da na faɗa. Ita tafiyar hawainiya take yi, dubban shekaru. Ba za ta ɗaga zafi a tsawon rayuwar mutum biyu ba.

Saura na huɗu, wato iskar kabon da mutane ke fitarwa, ita ce bargon nan mai riƙe zafi. Kafin Turawa su fara ƙona kwal a masana'antu, iskar kabon a sama kashi 280 ce cikin miliyan. A 1958 wani Ba'amurke, Charles Keeling, ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a Hawai, ya samu kusan 315. Yau ta haura 420. Zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya, har 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Ɗan Poli: Malam, digiri ɗaya ne duk ake wannan hayaniyar a kai? Tsakanin safe da azahar a Sakkwato ma ai ana samun fiye da goma.

Maman Khalifa: Ɗana, ka taɓa kai yaro asibiti? Jiki 37 lafiya lau ne, 39 kuwa sai a ba ku gado.

Malam Mai Ritaya: Hajiya ta gama amsawa. Ƙari kawai, wannan matsakaicin duniya ne duka, har da teku, dare da rana, rani da damina. Lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Amurka, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, bambancin da yau bai wuce digiri biyar zuwa shida ba.

Direban Tirela: To wa ya auna iskar shekara ɗari biyu da suka wuce? Akwai na'ura a lokacin? Nan ne nake ganin ƙarya.

Injiniya: Bari in shigo nan, Malam ya huta. Iskar da kanta aka samu, ba ƙiyasi ba ne. A Antaktika dusar ƙanƙara tana zuba kowace shekara, ta danne ta bara, kuma tana rufe ƙananan kumfar iska a ciki. Ana haƙa rami mai zurfin kilomita uku a zaro ƙanƙarar kamar sandar rake, a fasa kumfar a auna. Sun koma baya har shekara 800,000. A duk tsawon wannan, kabon ya yi ta hawa da sauka tsakanin kamar 180 da 300, bai taɓa tsallake wannan ba sai a zamaninmu.

Akwai kuma abin da ya fi burge ni. Kabon yana da shaida a jikinsa, kamar tsagar gado a fuska. Wanda ya fito daga kwal da fetur tsoho ne ƙwarai, miliyoyin shekaru a ƙasa, har wani nau'insa mai lamba 14 ya ƙare a cikinsa sarai. Da aka duba kabon da ke taruwa a sama, sai aka ga tsagarsa ta gidan kwal da fetur ce. Ga kwalin ashanarka, Direba, har da sunan kanti.

Kuma ba jiya aka ƙirƙiro maganar ba don a hana mu haƙo mai. Tun 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike ya ga wannan iskar tana riƙe zafi. A 1896 wani ɗan Suwidin, Arrhenius, ya yi lissafi da alƙalami cewa idan ta ninka duniya za ta yi ɗumi. A lokacin Lugga bai ma ci Kano ba.

Alaramma: Ina bin ku tun ɗazu. Abin da ke damuna a irin wannan hira shi ne yadda wasu ke magana kamar ruwa da fari a hannun Bature suke. Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. An yi fari a zamanin Annabi Yusuf, an yi a Madina zamanin Sayyadina Umar har aka kira shekarar da shekarar toka. A kula da harshe.

Malam Mai Ritaya: Allah ya gafarta Malam, babu wanda ya fita daga wannan. Amma ku kuka koya mana cewa Allah yana gudanar da al'amura da sababi. Wanda ya sha guba ya mutu, ajalinsa ne, kuma gubar ce sababi, kuma wanda ya zuba ta ba za a sallame shi ba.

Alaramma: Haka ne. Ban ce a bar sababi ba. Ai a Suratur Rum an faɗa mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ko da yake malamai sun fi fassara ta da saɓo da zalunci. Shi Sayyadina Umar ɗin ma da ya juya daga ƙasar da ake annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya nuna musu daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf kuma rumbu ya gina, bai naɗe hannu ba. Abin da na ƙi shi ne a raina roƙon ruwa.

Baban Ummi: Wannan zai yi mini amfani, don yayana da "ikon Allah ne" yake rufe kowace magana.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ku yi mini uzuri, ni manomi ne, amma wanga zance ya shafe ni. Na ga farin 1973 ina yaro, na ga na 1984 da idona, wanda mu nan muke kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi. Shanu sun mutu kamar ƙudaje. Lokacin masu farar mota suka zo suka ce mu ne muka jawo, mun sare itace, dabbobinmu sun cinye ciyawa, shi ya sa hamada ta taso. Muka yarda. To amma daga baya ruwa ya dawo, alhali mutane da dabbobi ƙaruwa suka yi, ba raguwa ba. To Malam, wa ya hana ruwan, wa ya maido shi?

Malam Mai Ritaya: Alhaji, ka taɓo wurin da ya fi kowane wuya, kuma wurin da aka zalunce ku. Wannan ra'ayi na cewa kiwo da saran itace ne suka kori ruwa ya yi tashe a shekarun 1970. Bincike na baya ya nuna babban abin da ke jan akalar daminarmu shi ne zafin ruwan teku. Idan arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, hadari yana hawowa har ƙasarku. Idan ya yi sanyi, damina ta tsaya a kudu. A waɗancan shekarun arewacin tekun ya yi sanyi. Wani ɓangare juyin teku ne na kansa. Wani ɓangare kuma, kamar yadda masana da yawa suka nuna, hayaƙin farar wuta ne daga masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Da suka kafa dokokin tsabtace iska don lafiyar huhunsu, hayaƙin ya ragu, tekun ya ɗumama, ruwa ya fara dawowa.

Har yau ana gardama kan kason kowane ɗaya, ba zan ce maka an rufe littafin ba. Amma akuyarka ba ita ce babbar mai laifi ba.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. Shekara arba'in muna ɗauke da laifin wani. Amma fa ruwan da ya dawo ba irin na da ba ne. Da marka kwana uku ana yayyafi, ƙasa na sha a hankali. Yanzu sai a yi sati uku ba ɗigo, gero ya fara naɗe ganye, sannan dare guda a zubo na wata ɗaya ya tafi da gona da katanga. A 2024 har tsohon masallacin Damagaram ruwa ya kayar.

Injiniya: Wannan daidai yake da lissafi. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin ɗari. Guga ya ƙara girma, yana daɗewa bai cika ba, in ya juye kuma sai ɓarna.

'Yar Barno: Ni kam ku yi haƙuri, raina ɓaci yake idan na ji kalmar nan. Daren 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, a kan rufin maƙwabta muka kwana da yara uku. Gari ya waye kowa a rediyo sai sauyin yanayi, sauyin yanayi. Sauyin yanayi ne ya hana a gyara dam? A 1994 ma ruwan nan ya ci Maiduguri, shekara talatin ba ta isa a yi shiri ba? Sauyin yanayi ne ya sayar da filaye a hanyar ruwa, ko shi ya cika kwalbati da leda? An samu wanda ba ya magana an ɗora masa kaya.

Maman Khalifa: Allah sarki, Allah ya mayar da alheri. Wallahi har yau idan na tuna hotunan nan sai jikina ya yi sanyi.

Injiniya: Amin. Kuma Anti ba ki faɗi ƙarya ba. Abu biyu ne suka haɗu: sama ta ƙara nauyin ruwa, ƙasa kuma ba a shirya ta ba. Ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, masu bincike sun ce ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwan sosai. Amma sakin ruwan Lagdo daga Kamaru ba sabon abu ba ne, kuma dam ɗin Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ya tare shi, tun shekarun 1980 ake maganarsa. A ganina sanin cewa ruwa zai ƙaru ƙarin hujja ce a kan mai riƙe da amana, ba mafita ba ce gare shi.

'Yar Barno: To a riƙa faɗin haka. Ba a zo a yi taro a otal a raba jaka da riga a tafi ba.

Ɗan Poli: Tafkin Chadi fa? Kullum ana cewa ya ƙafe da kashi 90.

Malam Mai Ritaya: Wannan lissafin daga 1963 ne, lokacin yana kusan murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 da ya koma ƙasa da 2,000. An ɗauki shekarar cika an gwada da shekarar fari. Tun daga nan ya ɗan farfaɗo, kuma tafki ne marar zurfi da ya saba kumbura da motsewa. Ba shi ne hujjar da zan riƙe a gardama ba. Baban Ummi, kar ka kai wa yayanka wannan, zai kama ka.

Direban Tirela: To na ji, a ce mutane ne. Waɗanne mutane? Ni da tirela ɗaya? Su suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka yi arziki, yanzu su ce mu bar gas ɗinmu a ƙasa, mata su daina girki da itace. Afirka gaba ɗaya nawa take fitarwa?

Injiniya: Ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Chana ce kan gaba yanzu, Amurka kuma ita ta fi kowa idan aka tara tun daga farko. A nan ba ni da ja da kai ko kaɗan. Amma ka lura ka sauya gardama. Ɗazu cewa kake ba mutum ba ne, yanzu kana cewa ba mu ba ne. Ta biyun ita ce ƙasashenmu ke kai wa taro, ita ta sa aka amince da asusun biyan asara a taron Masar na 2022. Idan ka ce juyin zamani ne kawai, ka yafe musu bashin ke nan, don ba a kai ƙarar tsawa kotu.

Direban Tirela: Kuɗin ya zo?

Injiniya: Alkawari ya fi kuɗin yawa.

Direban Tirela: Ka gani ba.

Maman Khalifa: Direba, tsakaninka da Allah, me kake ɗaukowa daga kudu a tirelar nan?

Direban Tirela: Hajiya kar ki tona ni. Wani lokaci gawayi ne. Amma ku ne masu saye, tun da gas ya yi tsada kowace ta koma kurfoti.

Maman Khalifa: Ban musa ba, buhu biyu ne a kicin ɗina yanzu haka.

Ɗan Maraɗi: Saran itace ko bai kori hadari ba, yana kashe gona, wannan na gani da idona. Mu nan bayan El-Buhari aka fara barin kututture ya tofo. Ba dashe ba, ba ban ruwa. In ka ga tsiron gawo ko kalgo ko sabara a gona, sai ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Da can kunya ce a ga gonarka da itace, a ce kai rago ne ba ka iya sassabe ba. Yanzu tsakanin Maraɗi da Damagaram ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo haka. Gawo kuma kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa ne zangarniya ta fi girma. Zafin duniya ban iya rage shi ba, amma iska ta daina binne mini shuka da rairayi, da sai na yi shuka uku kafin ta kama.

Alaramma: Wannan ita ce sadaka mai gudana, Alhaji. Allah ya ƙara albarka.

Baban Ummi: Jama'a na dawo. Mun haɗu da yaya, na karanta masa maganar ƙanƙara da ta tsagar kabon. Ya yi shiru, sannan ya ce in tambayi Malam: idan duniya zafi take ƙarawa, me ya sa hunturun wata shekara har yanzu sai ya saka riga uku da hular sanyi?

Malam Mai Ritaya: Ka ce masa farashin buhun masara yana sauka da kaka, amma ya gwada na kakar bana da na kakar shekara ashirin baya. Ko kuma ka sa admin ya shigo da shi zauren kawai, ka huta da aike.

Baban Ummi: Ya ce ba ya shiga, wai za ku taru a kansa.

Direban Tirela: Ka ce ya shigo, ina nan, ni ma ban gama sallamawa ba. Injiniya, maganar ƙanƙarar nan, ta yaya suka san wannan ta shekara dubu ɗari ce ba ta dubu goma ba? Ina kan hanyar Mokwa, in na tsaya zan duba amsarka.